Wa Ke da Bidiyon? Haƙƙin Mallaka da Neman Kuɗi a Intanet

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya, a Kurmin Mashi, Kaduna



Ranar da kwamitin shirye-shirye ya aiko mini cewa in yi magana a kan haƙƙin mallaka da neman kuɗi da bidiyo a intanet, sai da na yi jim. Na ce a raina, mutanen da suka zo tattauna batun makaranta da magudanar ruwa da aikin yi ga matasa, ina ruwansu da dokar marubuta da mawaƙa? Abin da ya sa na amsa kuwa shi ne wani al'amari da ya faru a cikin gidanmu, wanda na tabbata irinsa ya faru, ko yana kan hanya, a gidajen da yawa daga cikinmu.

Wani ƙanena da ke aiki a Abuja ya ga ɗan yayarmu ya gama makaranta yana zaune, kullum sai majalisa a bakin titin Baifas. Ya tausaya masa, ya tattara abin da ya sawwaƙa ya saya masa kyamara da ƙaramar kwamfuta. Yaron da abokansa suka buɗe tasha a wani babban dandalin bidiyo suna wasan barkwanci, kuma tsakani da Allah suna da basira. Amma da suka ga masu kallo ba sa taruwa da saurin da suke so, sai wani ya ba su shawarar su riƙa cusa tsofaffin fina-finai da waƙoƙin da suka karɓo a wurin masu turi. Jama'a kuwa ta taru. Ana gab da fara biyansu sai gargaɗi ya fara shigowa daga masu kayan, na ɗaya, na biyu, na uku, cikin Turancin da babu wanda ya tsaya ya karanta. Wata safiya suka wayi gari babu tasha. Kayan mutane sun tafi, sun kuma tafi da nasu wasannin da suka kwashe fiye da shekara suna ɗauka cikin rana da ƙura. Da na tambayi yaron yadda aka yi, amsar da ya ba ni ita ce: "Kawu, ai da kuɗina na saya a wurin mai turi."

Bai kamata mu ga laifin yaron shi kaɗai ba, domin a haka ya tashi ya same mu. Tun daga 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin fim ɗin Hausa na kaset, harkar a kan kwafi ta ginu. Manyan da ke nan za su tuna yadda ake yi. Mai shirya fim ya buga kwalaye, ya kai wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai tare da uwar kaset. Su sayi kwali, su yi ta gurzar kwafi da kansu, a rarraba zuwa nan Kaduna da Zariya da Sakkwato har Maraɗi. Wato kwalin ne shaidar halas, ba abin da ke cikin kaset ɗin ba. A wannan tsari aka sayar da Sangaya, a cikinsa aka sayar da Wasila na Yakubu Lere, wanda mu 'yan Kaduna muke alfahari da shi. Daga baya faifan sidi ya kori kaset, waya ta kori faifai, masu turi suka kafa tebur da kwamfuta a kowace kwana, su cika maka katin waya da fina-finai a kan kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba. Kasuwar faifai ta mutu murus. Masu sana'ar suka koma talabijin, musamman bayan buɗe Arewa24 a 2014, sannan suka koma YouTube, inda shirye-shirye masu dogon zango irin su Izzar So na tashar Bakori TV da Labarina na Aminu Saira suka karɓe gari daga 2020. A yau mai shirya fim da kuɗin tallan da ke fitowa a tasharsa yake sallamar 'yan wasa. Duk wanda ya ɗauki kashi guda ya ɗora a tasa tashar, to daga cikin tukunyarsa ya ɗiba.

Dokar da ke aiki yanzu ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023. Ta maye gurbin tsohuwar da ta samo asali daga dokar soja ta 1988, wadda aka rubuta tun ba a san intanet a ƙasar nan ba. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ce ke kula da ita, shari'arta kuma a Babbar Kotun Tarayya ake yin ta. Abu na farko da ya kamata mu riƙe shi ne, haƙƙi ba ya jiran rajista. Da zarar mutum ya ƙirƙiri abu nasa na kansa, ya kuma adana shi a takarda ko a na'ura, ya zama nasa. Rajistar da hukumar ke yi hujja ce ta ranar jayayya, tana da amfani ƙwarai, amma ba ita ke haifar da haƙƙin ba. Sai kuma amsar maganar ɗan yayata: mallakar kwafi daban, mallakar haƙƙi daban. Wanda ya sayi buhun masara ya mallaki masara, bai mallaki gonar ba. Kana iya kallon fim ɗin da ka saya har ka gaji, amma ɗora shi inda duniya za ta gani haƙƙi ne da doka ta keɓe wa mai shi. Wanda ya yi haka domin kasuwanci ba tare da izini ba, sabuwar dokar ta tanadar masa tarar da ba ta gaza naira miliyan 1 ba, ko ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, ko duka biyun.

Sai dai a gaskiya kafin ɗan sanda ya ƙwanƙwasa ƙofa, na'ura ta riga shi isowa. Tun 2007 kamfanin YouTube ya kafa wani tsari mai suna Content ID. Masu fina-finai da waƙoƙi suna ajiye samfurin kayansu a wurinsa, duk bidiyon da aka ɗora kuma sai an gwada sautinsa da hotonsa da waɗannan samfurori. In an sami dacewa, mai kayan ke da zaɓi: ko ya toshe bidiyon, ko ya bar shi yana lura da shi, ko kuma, wanda ya fi yawa, ya bar shi yana yawo amma kuɗin talla su riƙa zuwa aljihunsa. Kai ka sayi data, ka hana idonka barci, wani a Mumbai ko Legas yana karɓa. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Wannan ma shi ne mai sauƙi. Mai tsananin shi ne idan mai kaya ya rubuta takardar ƙorafi a hukumance ya ce a sauke. Wannan kan zo da gargaɗi, wanda ke ɗaukar kwana 90 kafin ya goge, idan kuma uku suka haɗu, tashar da duk abin da ke cikinta suna iya tafiya.

Ku dubi irin wahalar da ake sha kafin a kai ga kuɗin. Tun 2018 sharaɗin samun rabon talla shi ne mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin wata 12. A 2023 aka ƙara wata ƙofa ga masu gajerun bidiyo, wato kallo miliyan 10 cikin kwana 90. Bayan an cika wannan, sai kamfanin ya duba tashar, idan ya ga kwashe-kwashen kayan wasu ne babu wani abin kirki da mai tashar ya ƙara, ya ƙi karɓarta ko da babu wanda ya kai ƙara. Wanda ya tsallake yana samun kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan dogon bidiyo, ba a kuma turo masa sai sun kai dala 100. Facebook ma ya buɗe wa 'yan Nijeriya irin wannan ƙofa a watan Yulin 2024, shi ma da nasa matacin. Yanzu mutum ya yi duk wannan hawa, sannan ya jingina shi a kan kayan aro?

Akwai dabarun da yara ke koya wa juna, ina so iyaye su ji su. Wani ya rubuta a ƙarƙashin bidiyo cewa waƙar ba tasa ba ce, yana zaton ya wanke kansa, alhali shaida ya bayar a kan kansa da hannunsa. Wani ya ce in bai wuce daƙiƙa 30 ba babu laifi; babu inda doka ta faɗi haka. Wani ya juya hoton ko ya ƙara wa sautin gudu. Abin da doka ta yarda da shi shi ne amfani na adalci: sharhi, nazari, rahoton labarai, ko kwaikwayo na zolaya da barkwanci. A nan ma ana duba manufarka, da irin aikin, da yawan abin da ka ɗiba, da kuma ko ka taɓa kasuwar mai shi. Wanda ya ɗauko minti guda na fim ya yi minti goma yana fashin baƙi a kai yana da abin faɗa a gaban alƙali. Wanda ya ɗora fim sukutum ya liƙa fuskarsa a gefe yana gyaɗa kai ba shi da shi. Haka nan masu fassara fina-finan Indiya: muryar Hausar tasu ce, amma fim ɗin yana da masu shi, fassara kuma tana cikin abubuwan da sai da izininsu.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne kiɗa da waƙa, musamman na magabata. Mukan ɗauka cewa da mawaƙi ya rasu waƙarsa ta zama ta kowa. Ba haka ba ne. Haƙƙin waƙa da na littafi yana nan har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai shi ya rasu. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, ke nan waƙoƙinsa suna da masu su har ƙarshen 2069. Na Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, sai 2061. Na Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, sai 2085, lokacin da jikokinmu ma sun yi furfura. Bugu da ƙari, a cikin kowace waƙa da ke wayarka haƙƙi biyu ne a kwance. Akwai na waƙar kanta, akwai kuma na ɗaukar sautin, wanda ke hannun wanda ya shirya ɗaukar, ko kamfanin faifai irin su EMI, ko gidan rediyo kamar Rediyon Tarayya na Kaduna, wanda tun 1962 yake tara muryoyin makaɗan Arewa. Na ɗauka shekara 50 ne daga fitowarsa. Don haka faifan da ya fito a 1970 haƙƙin ɗaukarsa ya ƙare, amma na waƙar yana hannun magada. Masu karanta littattafai a tashoshinsu su ma su saurara: Alhaji Abubakar Imam ya rasu a 1981, Magana Jari Ce yana da kariya har 2051, balle littattafan marubutan da ke raye, waɗanda da yawansu mata ne da ke rubutu a tsakanin girki da raino, su wayi gari su ji wani yana karanta guminsu ana biyansa.

Tatsuniya da waƙoƙin dandali da wasannin tashe suna da nasu matsayi. Doka ta ɗauke su a matsayin gadon al'umma, ta ɗora wa hukuma kula da amfani da su ta fuskar kasuwanci, amma ta bar ƙofa ga wanda zai aro daga cikinsu ya gina sabon aiki nasa. Yaron da ke neman labari, ga Gizo da Ƙoƙi nan ba su da magajin da zai aiko masa da gargaɗi. Mai neman kiɗan da zai raka wasansa kuma, YouTube na da rumbun sauti na kyauta, ga kuma matasanmu masu haɗa kiɗa a situdiyo da za su yi maka naka a kan farashi mai sauƙi, muddin kun rubuta cewa naka ne.

Ga masu ganin cewa wannan duk dokar Bature ce, ina tunatar da su cewa Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Kuwait a Disambar 1988, ta zartar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa, bai halatta a keta ta ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi shafar ku mazauna birane, domin ku ne masu turo jari. Mu ɗauka yaran sun ji magana, komai nasu ne, tasha ta kama, dala ta fara shigowa. Tambaya ita ce, ta wa ce? Ga yaya a Abuja da ya sayi kayan aiki. Ga mai riƙe kyamara. Ga wanda ke ƙirƙiro labari. Ga yarinyar da saboda ita ake kallo. Ga kuma wani aboki da aka buɗe tashar da adireshinsa na imel saboda a ranar shi ke da data, aka kuma sa asusunsa na banki. Doka ta ce mai fim shi ne wanda ya ɗauki nauyin shirya yadda za a yi shi, sai fa in masu aikin sun yi wata yarjejeniya dabam. To a cikin mutum biyar ɗin nan kowa zai rantse shi ne ya shirya. Kamfani kuwa bai san yaya ba, bai san ƙane ba. Wanda ke riƙe da mabuɗin asusu shi yake biya. Na ga abota ta tun firamare ta watse a kan wannan, na ga an kai ƙara gaban mai unguwa, shi kuma bawan Allah ya rasa ta inda zai kama, domin babu ko layi ɗaya a rubuce.

Maganin bai wuce takarda guda ba, a kuma rubuta ta tun babu ko sisi, lokacin da kowa ke da sauƙin kai. A faɗi wanda ya mallaki tashar da bidiyoyin, da kason kowa, da sunan da ke kan asusu, da abin da zai faru idan wani ya fita ko ya yi aure ya bar gari. A faɗi ko ɗan wasa sallama ɗaya za a yi masa ko yana da rabo muddin ana kallo. A faɗi ko kuɗin yaya kyauta ne, ko rance, ko hannun jari. Kowa ya sa hannu a gaban shaidu. Na san za a ce takarda tsakanin 'yan'uwa alamar rashin yarda ce. Amma wane ne a cikinmu zai sayi fili, ko a hannun ɗan'uwansa ne, ya ƙi karɓar takarda, ya ƙi zuwa KADGIS? Haƙƙin mallaka ma dukiya ce a idon doka, ana sayar da ita, ana kuma gadonta. Tasha tana iya ci gaba da kawo kuɗi bayan mai ita ya kwanta dama, kuma idan babu wanda ya san mabuɗinta a cikin iyali, marayu suna ji suna gani haƙƙinsu zai maƙale.

Idan kuma wani ya zo neman aikinka, ko kai ka je neman na wani, a bambance tsakanin abubuwa uku da manomi ya daɗe da sani: sayar da gona, ba da ita haya ga mutum ɗaya, da kuma barin maƙwabta su yi kiwo a ciki. Sallama haƙƙi ɗungurungum sayarwa ce, ba ka da sauran magana sai dai a ambaci sunanka a matsayin wanda ya ƙirƙira, domin wannan ba ya sayuwa. Lasisin keɓe haya ce ga mutum ɗaya, wanda a tsawon wa'adinsa ko kai ba ka da ikon shiga. Waɗannan biyun doka ba ta san da su ba sai a rubuce. Na ukun, izinin da za ka iya bai wa mutane da yawa, yana yiwuwa da baki, amma ranar da na'ura ta kama bidiyonka ba za ka iya tura mata "ai ya ce in sa" ba. Duk takardar da aka miƙo maka, nemi amsar tambaya huɗu a cikinta: wane haƙƙi, a waɗanne ƙasashe, na shekara nawa, a kan nawa? Rashin yin waɗannan tambayoyi ne ya jefa tsofaffin masu shirya fim cikin rigima, domin sun sayar wa ɗan kasuwa fim a zamanin faifai, babu wanda ya ambaci intanet, yau kowannensu yana cewa shi ke da ikon ɗorawa. Haka mawaƙi kan shiga situdiyo ya rera, mai situdiyo ya kai waƙar wurin kamfanin rarrabawa da sunansa, ranar da mawaƙin ya ɗora waƙarsa a tasharsa sai na'ura ta ce masa kayan wani ne.

Wanda aka yi wa irin wannan kada ya yi shiru. Idan da'awar Content ID ce, akwai wurin musantawa, mai da'awar yana da kwana 30 ya amsa, kuɗin kuma ana riƙe su har a warware. Idan naka aka sace, kai ma kana da ikon aika takardar a sauke, kuma dokar 2022 ta wajabta wa masu dandali su saurari irin wannan ƙorafi. Amma kada ka musanta alhali ka san ba ka da gaskiya, domin daga nan hanyar kotu take. Ka riƙa adana asalin abin da ka ɗauka da rubutun labarinka. Su ne shaidunka.

Iyayenmu mata, ga taku. Mun sha ganin bidiyon kamu ko na dina na wata baiwar Allah yana yawo a duniya, mai ɗauka ya yanko inda ake rawa ya ɗora don tallata sana'arsa ko don tara mabiya. Ku sani cewa idan kuka ɗauko mai hoto ko mai bidiyo domin sha'anin gida, sabuwar doka ta ba ku ikon amfani da abin ba don kasuwanci ba, ta kuma ba ku ikon hana shi yaɗawa, sai in kun amince da akasin haka. Ku faɗa masa tun ranar ciniki, a kuma rubuta a bayan rasit.

Ina da roƙo ga shugabanni. Muna da lauyoyi a cikinmu, ga su nan ina hangen wasu. A ɗora musu su tsara wannan takarda ta shafi guda da Hausa da Turanci, a ajiye a wurin sakatare, duk yaron unguwa da zai fara ya zo ya karɓa kyauta. Duk tallafin da ƙungiya ko ɗayanmu zai bayar don wannan sana'a, a sa cike ta ya zama sharaɗi. Sannan mu fara da kanmu. Ga wani matashi can a bayan zaure yana ɗaukar wannan taro tun safe. Na tambayi sakatare ko an rubuta wanda zai mallaki abin da yake ɗauka, ƙungiya ko shi, ya yi murmushi ya ce ai yaronmu ne. Ina roƙon a rubuta kafin a tashi, a kuma biya shi haƙƙinsa. Ni dai nawa ɓangaren, na bai wa ƙungiya izinin buga wannan jawabi a mujallarta da ɗora shi a tasharta, izinin da ba na keɓe ba, na kuma sa hannu a takardar, tana wurin shugaban taro.